Mai Katifa da Sufeto

Shekara arba'in da ɗaya mahaifina ya yi yana ɗinka katifa da matashin kai a shago ɗaya, har sunansa na yanka ya ɓace a bakin mutane. Mai Katifa kawai ake ce masa. Shagon dogon ɗaki ne, keken ɗinki a bakin ƙofa inda haske yake, babban tebur a tsakiya, can ƙurya kuma buhunan auduga da guntayen soso sun kai rufi. Inna takan ce ita ba ta san ranar da mijinta ya fara furfura ba, don tun tana amarya da farin kai yake dawowa gida.

Ba shi da yawan magana. Idan ya gama cusa katifa ya ɗinke bakinta da basilla, sai ya rufe ido ya bi ta da tafin hannu daga sama har ƙasa, yana neman inda auduga ta dunƙule. Yakan ce baki ya iya yabon ƙarya, amma bayan mutum ba ya munafunci. In katifa ba ta yi ba, kafin sati mai ita zai dawo yana dafe da ƙugu.

Kyanwa kuwa ko a hanya ba ya son gani. Farce da yadi, in ji shi, ba sa kwana ɗaki ɗaya.

Ni ce babbar 'yarsa, kuma a kantin magani nake aiki, layi biyu daga shagonsa. Wata rana da hantsi sai ga shi ya shigo, hannu ɗaya a cikin aljihun riga, yana waige-waige kamar wanda ya yi sata.

"Ba ni sirinji," ya ce. "Marar allura."

"Baba, wa ba shi da lafiya?"

Ya buɗa bakin aljihun kaɗan. Wata 'yar kyanwa ce a ciki, toka-toka, ba ta kai tafin hannuna ba, ido ko gama buɗewa bai yi ba. A bayan buhuna ya tsince ta. Uwar ta haihu a can ba tare da saninsa ba, ta kwashe sauran, ta bar wannan. Tun safe yake jira ta dawo, shiru.

"Kwana biyu ne kawai," ya ce, yana ɗaure fuska. "In ta yi ƙwari ta kama gabanta."

Yau shekara tara ke nan da kwana biyun.

Da kansa ya rene ta. Ya ajiye basilla, ya ɗumama madara a murfin gwangwani, ya ɗiga mata a baki. Tana sha tana tura 'yan ƙafafunta a babban yatsansa, dama, hagu, dama, hagu. Da ta girma ba ta daina ba. Duk matashin da ya gama, kafin ya juya ta haye, ta hau dannawa da ƙafafun gaba ɗaya bayan ɗaya, ido a lumshe, tana wani gurnani ƙasa-ƙasa kamar keken ɗinki daga nesa. Mai askin da ke maƙwabtaka da shi ne ya raɗa mata Sufeto, wai ba kayan da ke fita sai ta duba.

Abin dariya ne har ranar da ta hau matashin kujerar wata mata, yadi mai santsi, ta zazzaro zare wuri shida. Baba ya warware aikin kwana biyu ya sake. Ya sa Sufeto a kwali ya kai ta gida, ya ce da Inna, "Ga ajiyarki nan, kar na ƙara ganinta." Washegari kafin ya buɗe kwaɗon shago ta riga shi zama a bakin ƙofa, tana lasar ƙafa.

Kowa da fassararsa. Mai aski ya ce wasa farce take yi. Inna ta ce kwaikwayon ubangidanta ne, ta ga yana latsa katifa ita ma ta koyi sana'a. Sai da wani likitan dabbobi ya kawo kujerar ofishinsa a sake mata riga aka samu mai amsa. Ina wurin, na kai wa Baba maganin tari.

"Likita, don Allah me ke damun dabbar nan?" Baba ya tambaya. "Ta hana ni sakat."

Likitan ya kalli Sufeto tana fama da wani tsohon bargo, ya yi dariya. "Lafiyarta lau. Haka 'ya'yan kyanwa suke danna cikin uwarsu don nono ya zubo. Da yawa ba sa mantawa ko sun girma. In sun samu wuri mai laushi da ɗumi sai ƙafa ta tuna. Kuma tana barin warinta a wurin, ta ce nan nawa ne."

Baba ya dubi kyanwar. "Wato uwarta take nema."

"A'a, Mai Katifa. Kyanwar da ke cikin tsoro ba ta yin haka. Sai inda hankalinta ya kwanta."

Baba ya ci gaba da auna kujera, har ya auna gefe ɗaya sau uku. Shi ma bai san mahaifiyarsa ba, yana wata biyar ta rasu, kakarsa ce ta goya shi. Bai taɓa yi mana zancen ba, daga bakin Inna muka ji. A ranar ya ɗinka wa Sufeto matashinta, da yadi mai kauri irin na tanti, ya cusa masa audugar da ta fi kowace laushi. Ta hau ta gwada shi sau ɗaya, ta sauka, ta haye cinyarsa. Daga nan cinyar ta zama tata. Wandunansa duk suka yi ƙananan huji a gwiwa, ya daina ƙorafi.

Shekara shida bayan haka, yana tsaka da ɗinki sai basilla ta faɗi daga hannunsa, bakinsa ya karkace. Mai aski ne ya kira ni da gudu. Ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Sati uku muka yi a asibiti.

Da muka dawo gida, Baba ya juya fuska bango. Maganarsa ta dawo, amma ba ya son yi. Akwai ma'aikaciyar asibiti da ke zuwa sau biyu a sati tana motsa masa hannu da ƙafa, muna ce mata Sista. Ta ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa, ya tura shi ƙarƙashin gado da ƙafarsa mai lafiya.

"Baba, in ba ka yi ba hannun zai sandare," na ce.

"Ya riga ya mutu. A bar gawa ta huta."

Inna ce ta je shago ta ɗauko Sufeto. Kullum da rana, idan an zaunar da shi a kujera a tsakar gida, sai ta haye cinyarsa ta hagu ta hau aikinta. Yana kallon faratanta suna shiga yadi suna fita, ba ya jin komai. Wani lokaci sai ya kau da kai.

A sati na bakwai, ran nan Inna na shanya ni kuma ina yanke masa farce, sai muka ji ya daka tsawa.

"Ke! Za ki huda ni ne?"

Zanen da ke hannun Inna ya faɗi ƙasa. Baba ya kalli cinyarsa, ya kalle mu. Sufeto ta tsorata za ta dira, ya tare ta da hannun dama.

"Zauna," ya ce. "Sake yi."

Da muka ba Sista labari ta ce jijiyoyi ne suka fara farfaɗowa, lokacinsu ne ya yi, da kyanwa da babu. Baba ya ce ya ji, amma ai ba Sista ce ta fara sanar da shi ba. Ƙwallon robar dai ya ƙi shi har yau. Ya ce a kawo masa auduga. Ya riƙa matsa dunƙulenta safe da yamma, yana zagin yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, har suka fara jin magana.

Bayan wata takwas ya koma shago da sanda. Hannun bai dawo yadda zai tura basilla ta ratsa katifa ba. A tsallaken titi akwai wani mai katifar, Dogo, wanda suka shekara talatin suna kushe aikin juna. Shi kuma idonsa ne ya fara dushewa, ba ya ganin layin ɗinki, amma ƙarfinsa na nan. Shi ya fara tsallako titi, wai ya zo duba marar lafiya. Tun daga ranar bai koma aiki a nasa shagon ba. Yanzu Baba ke aunawa ya ja layi da alli ya zura zare, Dogo ya cusa ya ɗinke, suna musu daga safe har la'asar a kan wanda ya fi iya aiki a zamanin ƙuruciya.

Makon jiya na biya ta shagon na tarar da Baba ya cika ya yi fam. Sufeto ce a cinyar Dogo, tana ta dannawa, Dogo na washe baki.

"'Yata, zo ki ga ikon Allah," in ji Dogo. "Yau ta san inda alheri yake."

"Rabu da shi," Baba ya ce, ko ɗago kai bai yi ba. "Ƙiba ce ta ruɗe ta, ta ɗauka soso ne."

Ya ja layinsa har ƙarshe, ya ajiye alli, sannan ya ce in tambayi Inna ko akwai sauran kan kifin jiya a kawo wa Sufeto.