Dankalin Sufeto

Komai na aikin koyarwa zan iya mantawa, ban da ranar da sufeton makarantu ya zo duba ni a wata firamare kusa da Balan, a farkon shekarun 1970. Lokacin ina sabon malami, zaman gwaji nake. Ƙa'idar ita ce sufeto ya zauna a ajinka ya ga darasi ɗaya. In ya yaba, a tabbatar maka da aiki. In ya kushe, ka ƙara shekara kana jiran tsammani.

Na zaɓi darasin yadda ruwa ke ratsa tantanin ƙwayoyin halitta, wato siririyar fatar da ke lulluɓe ƙananan ɗakunan da aka gina duk mai rai da su. Gwajin ba wuya. Ka rarake ɗanyen dankali, ka zuba gishiri a ramin, ka dasa shi a faranti mai ruwa. Kafin a tashi darasi ramin ya tara ruwa, domin ruwa yana bin tantanin zuwa inda gishiri ya fi yawa.

Hedimasta, mutumin kirki, ya ce kada in wahala, dankali na gonarsa zai kawo. Sai da sufeto ya zauna sannan hedimasta ya shigo da kwano a rufe. Na buɗe, tururi ya bugi fuskata.

Na ce a hankali, "Ranka ya daɗe, dafaffe ne!"

Ya ce, "To da fa? Babban baƙo tun daga Kano, mu ajiye masa ɗanyen dankali kamar akuya?"

Wuta ta riga ta kashe tantanin, mataccen tantani kuwa ba ya jan ruwa. Haka na rarake, na zuba gishiri, muka zuba ido ni da 'yan aji bakwai. Wallahi gumin da na yi ya fi ruwan da ya taru a ramin.

Sufeto bai yi asara ba. Ya ja kwanon, ya dangwali gishirina, ya cinye kayan gwajin tas, har da santi. Sannan ya yanke hukunci: malami bai shirya ba, amma makaranta ta iya karɓar baƙi.

Aka ƙara wa hedimasta girma, ni aka ƙara mini shekara.

Saboda haka, ku sababbin malamai, mugun shugaba da sauƙi, kun san ta inda zai ɓullo. Wanda za ku ji tsoro shi ne mai son taimaka muku.