Maganar Tsohuwar da Na Goge

Shekarar da aka ba mu jihar Kebbi na fara riƙe kyamara, irin babbar nan ta kafaɗa mai cin kaset. Biki, suna, saukar karatu, duk inda aka kira ni a Bagudo da ƙauyukanta sai in hau babur in tafi. Karatuna bai wuce firamare ba. Da zamani ya koma tace bidiyo a kwamfuta, da furfurata na zauna na koya a hannun maƙwabcina, wani mutumin Kudu mai shagon buga takardu. Bango ɗaya ya raba shagunanmu, janareta ɗaya muke ja, kuma Hausa a bakinsa har ta fi ta wasu 'yan gari.

Wata shekara aka kira ni biki a Lolo. Ango ɗan can ne, amarya kuwa daga wani ƙauyen Dandawa a tsallaken iyaka, cikin Benin. Kwana uku ina ɗauka, har da rakiyar masu ɗauko amarya. Da na dawo na juye komai a kwamfuta, na wanke memorin kyamara saboda wani suna da ke jirana. Na gama yanka da haɗawa, sai aikin ya kumbura, ma'ajiyar kwamfuta ta cika maƙil. In na danna abu, sai in je in yi alwala in dawo bai motsa ba.

Na leƙa na kira maƙwabcina. Ya duba, ya yi dariya.

"Alhaji, wannan kaya ko tirela ai sai ta zauna."

Ya nuna mini wani wuri a manhajar da ke tattara guntayen da ka yi amfani da su kawai, ya kai su sabon mazauni, ya bar sauran. Daga nan in ka goge tsohon mazaunin, aiki ya yi sauƙi.

"Amma kafin ka goge, kwashe na asali ka ajiye a wata ma'ajiya."

"Kai dai nuna mini inda ake dannawa. Ba wa'azi na zo ji ba."

Ina da ma'ajiyar, tana cikin akwati a gida. Ƙiwa ce ta hana ni ɗauko ta, da kuma ganin cewa na fi shi sanin abin da ake so a bidiyon biki: kiɗa, rawa, liƙi, shigar amarya mota. Na danna, na goge. Kwamfuta ta dawo tana gudu, na ji daɗi ƙwarai.

Cikin abin da ya tafi akwai wata tsohuwa, kakar amarya. Kafin a fito da yarinyar, ta zaunar da ita a ɗaki, ta riƙe hannunta, ta yi ta magana da Dandanci kusan rabin awa. Ba kiɗa, ba guɗa. Ni kuwa Dandancina bai wuce gaisuwa da ciniki ba, sai na ɗauka surutun tsofaffi ne. Inda ta dafa kan amarya kawai na bari, na ɗora waƙa a kai.

Bayan shekara guda da wani abu, amaryar ta shigo shagona da goyo a baya. Ta durƙusa ta gaishe ni.

"Baba, kakata ta rasu. Ran nan kuka nake yi, ban riƙe komi ba. Sunayen matan gidanmu ta jera mini, uwa bayan uwa, da garuruwan da danginmu suke a bakin kogi. Ina son in samu abin da zan faɗa wa ɗiyata. Ka ba ni wurin nan ba waƙa."

Na sunkuyar da kai ina taɓa wayoyi, na ce, "Wallahi ɗiyata, kwamfuta ce ta cinye shi." Har da rantsuwa. Ta yi godiya, ta tafi.

Maƙwabcina yana bakin ƙofa, ya ji komai. Da muka zauna shan shayi da la'asar, sai ya tayar da maganar.

"Alhaji, kwamfutar nan taka yatsa gare ta?"

"Sha shayinka."

"Tambaya ce kawai. In tana danna kanta, in saye ta, in huta."

Gogewar kuskure ce. Ƙaryar ce ta fi ci mini rai, don na yi wa mai juyayin rashi ita, kuma da sunan Allah. Ranar kasuwar Lolo na hau babur na je gidan amaryar, na faɗa mata gaskiya a gaban mijinta: hannuna ne ya goge, saboda ban ji yaren ba, na raina maganar.

Ta ce, "Na sani, Baba. Ran nan ko kallona ka kasa yi."

Na tambaye ta ko akwai wasu a ɗakin lokacin da kakarta ke maganar. Ta ce mahaifiyarta da gwaggonninta biyu. Na roƙi a kai ni wurinsu.

Sati na gaba muka tsallaka iyaka. Matan uku suka zauna a tabarma ɗaya ƙarƙashin mangwaro, na kafa kyamara na ja da baya. Wannan ta kawo suna, waccan ta ƙaryata ta, ta ukun ta tafa hannu tana dariya. Har suka aika aka kira wani tsohon masunci ya raba musu gardama, shi ma suka haɗu suka ƙaryata shi. Ban ji ko rabin abin da suke cewa ba, ban kuma kashe kyamara ba sai da suka tashi don kansu. Ya fi awa biyu. Ban yanke ko tari ba. Na juye shi a wuri biyu, na ba ta nata.

Garuruwan duk sun dawo. Sunaye kuwa, cikin tara da tsohuwar ta jera, biyu sun ƙi fitowa, matan suka yi ta juyawa har suka haƙura. Na ce mata biyun nan a wuyana suke. Ta gyara goyonta, ta ce, "Baba, da hannu biyu na zo ba komi, yanzu ina da sunaye bakwai. Allah shi saka."