Makwancin Baba a Bayan Mota

Lokotoron da ya yi wa Baba aiki a ƙashin baya bai ɓoye mana komai ba. Ya ce in tsohon nan ya yi doguwar tafiya a zaune, aikin zai ɓaci, kuma ba lalle ne ya sake takawa da ƙafafunsa ba. Baba kuwa ya kafe sai ya koma ƙauyenmu da ke bayan Tawa. Kusan duk ƙarfinsa a Yamai ya ƙare yana koyar da Larabci, kuma tun da ya aje aiki yake zaune wurina a unguwar Banifandu, amma ranar da aka sallamo shi daga asibiti ya ce shi da birni sun gama. Tafiyar kuwa ta wuni guda ce cur.

Ni malamin lissafi ne a lekol, ina da wata tsohuwar mota mai dogon baya. Na ce tunda zama ya haramta, a kwance zan kai shi. Na kwance kujerun baya na jingine su a zaure, na ɗauko metir na shiga awo. Ashe bayan mota ba shimfiɗe yake ba. Ga tudun tayoyi hagu da dama, ga rami inda kujeru suka tashi. Dole sai an ɗaga dandamali sama da tudun nan, ƙarƙashinsa kuma ya zama ma'ajin kaya.

Na sayo katako wajen kasuwar Wadata, mai amalanke ya turo mini har ƙofar gida. Matata ta leƙo, ta ga zarto a hannuna, ta kama haɓa.

"Ikon Allah! Malam, kai da ƙusar labule ɗaya ta gagare ka wata uku?"

Gaskiya dai ta faɗa. Kwana huɗu ina fama bayan na taso daga aiki. Na yi wa dandamalin ƙafa shida, na gicciya sanduna, na raba saman gida uku, kowane da murfinsa da hudar sa yatsa a ɗaga. Na goge bakunan sumul don kada su yagi riga. Da na gama na sa katifa, na roƙi matata ta kwanta, na ja motar cikin ramukan unguwarmu don gwaji. Ba mu kai bakin gudron, wato titin kwalta, ba ta fara ihu wai haƙoranta za su zube. Na dawo na yanka tsohuwar robar taya na sa a ƙarƙashin kowace ƙafa, na ƙara katako a gefe don kada katifa ta zame. A gwaji na biyu har gyangyaɗi ta yi.

Abin da na fi alfahari da shi shi ne ma'ajin. Baba yana da kwali uku na littattafai, tafsiri da fiƙihu da nahawu, kuma ya ce ƙafarsa ƙafarsu. Da kwalayen na auna gidajen nan uku, kowane ya shige daram, ko yatsa ba ya ratsawa.

Ranar tafiya muka fito da Baba da hantsi, yana dafe da kafaɗata, gafakar Alƙur'aninsa rataye a wuya. Ya shafa katifar, ya gyaɗa kai.

"Ina littattafaina?"

Na ɗaga murfin farko ina murmushi, ina jiran ya sa mini albarka. Ya dubi kwalin, ya dube ni.

"A kansu zan kwanta?"

Wallahi sai lokacin abin ya faɗo mini. Ni da aka haifa a gidan da ko takarda mai bismilla ba a bari a ƙasa, na kwana huɗu ina ƙera wa mahaifina wurin da zai miƙe ƙafa bisa ayoyin Allah. Kunya ta kama ni, kuma ni in na ji kunya faɗa nake yi.

"Haba Baba! Akwai katako a tsakani, ga katifa. Lalura ce fa!"

"Lalurar bayana ce, ba tasu ba. Ɗora su bisa katifar, ni in zauna gaba."

"Ka ji dai abin da lokotoro ya ce."

"Na ji."

Ya juya ya nufi ƙofar gaba da sandarsa, da gaske yake. Na bi shi da sauri. Na ce a jera su gefensa, matata ta ce ramin farko za su rikito masa a jiki. Kujerar gaba matata za ta zauna don ta taya ni kula da shi a hanya, rufin motar kuma ba shi da abin ɗaure kaya, ga damina ta kama. Na ce to in aika su a babbar motar fasinja. Baba ya ce a can ma ƙarƙashin mutane ake cusa kaya, tare da buhunan albasa. Rana tana ta yin sama, muna tsaye cirko-cirko a ƙofar gida, ni ina huci, shi hannunsa a kan marfin mota, tsayuwar ta fara cin sa.

Can ya saki marfin.

"Fitar da su. Kai su ɗakinka, ka ɗora bisa kabad."

Na kwashe su da gudu kafin ya sake shawara. Muka kwantar da shi a hankali, ya ɗora gafakar a ƙirji ya riƙe da hannu biyu. Na sunkuya ina gyara masa matashi, zuciyata ta yi sanyi, na ce in an yi hutu zan kawo masa su, a kujerar gaba, ni kaɗai da su.

"Kada ka wahalar da kanka," in ji shi. "Tun bara idona ba ya raba baƙi da baƙi. So na yi dai su kwana inda nake kwana."

Gida ɗaya muke, kwano ɗaya muke ci, ban sani ba. Na tsaya riƙe da matashin.

"Rufe ƙofar mana," ya ce. "Rana na yi."