Murfin Injin Sussuka da Hannun Baba

Ni na zana murfin injin, amma hannun Baba aka ɗora a kan uwar maƙera.

Baba maƙeri ne gaba da baya, daga baya ya ƙara da walda. Rumfarsa tana bakin titi a Birnin Kudu, a bayanta kuma akwai ɗan ɗakin ajiyar rodi, inda na kafa teburina bayan na gama karatun fasaha. Mutane sun yi ta surutu, wai mace a maƙera. Baba bai taɓa tanka musu ba, ni ce mai tankawa, don tun ina ƙarama ba a taka ni in yi shiru. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake kirana Uwata.

Aikina zane a kwamfuta, kuma kusan duk abu uku ne. Na farko gida mai kusurwa huɗu: in danna nan, in ja zuwa can, in rubuta tsawo da faɗi. Na biyu tsaga, wato doguwar huda mai zagayayyen baki, in zana guda ɗaya in sa manhajar ta jera mini sauran. Na uku firam na ado da ke zagaye aikin, shi ne ke cin lokaci, shi ne kuma kaɗai masu kawo aiki suke kallo. In na gama sai in tura zanen Kano ta waya, inji ya yanka farantin ƙarfe, a sako mana a mota, Baba ya ɗaura. Shi ko kunna kwamfutar bai iya ba, allon Uwata yake ce mata.

Gab da kaka wani Alhaji daga wani ƙauye a ƙasar Gwaram ya kawo injin sussukar dawa. Bel ɗin da ke juya shi a fili yake, ba abin da ya rufe shi. Yana son a yi wa injin ado irin na manyan motoci, yadda in ya shiga gona za a san ya shigo. Na ce sai an rufe bel ɗin tukuna. Ya dube ni sama da ƙasa, ya juya ya ci gaba da magana da Baba kamar kujera ce ta yi tari. Baba ya ce abin da na faɗa shi za a yi.

Na zana murfin gida biyu. A tsakiya faranti mai tsagogi, don iska ta shiga a kuma riƙa ganin bel, kowace tsaga ko ɗan yatsan jariri ba zai wuce ba. A gefe firam mai ganye da taurari. Alhaji ya shafa taurarin yana murmushi, tsagogin ko kallo ba su ishe shi ba.

Ana tsakiyar sussuka, wata ranar da hantsi, a-kori-kura ta tsaya a gaban rumfa da injin a bayanta da maza cike. Kafin su diro na hango abu biyu. Firam ɗina yana nan daram, an ma ƙara masa fenti. Tsakiyarsa kuwa wayam, an yanke farantin da giranda mai yankan ƙarfe, ga bel a fili, jini ya bushe a kansa ƙaiƙayi ya manne.

Daga baya muka ji yadda aka yi. Bel ɗin yana yawan zamewa, kwance murfi kuma yana ɓata musu lokaci, sai Alhaji ya sa aka yanke shi. Ƙaninsa, magidanci mai 'ya'ya, ya miƙa hannu zai gyara bel inji na gudu, hannun rigarsa ya shiga, bel ya ja hannun ya markaɗe shi har wuyan hannu. A asibiti aka ƙarasa cirewa. Alhaji bai iya cewa shi ya jawo ba, sai ya ce kwamfuta ce ta yi awon banza, ita ta sa bel yake zamewa.

Suna dirowa suna tambayar ina mai zanen. Na miƙe zan fita. Baba ya tura ni cikin ɗakin da ƙarfin da ban san yana da shi ba, ya ja ƙofar ƙarfen ya zura sakata ta waje. Ƙofar nan ni na zana ta, da tsagogi a sama don shan iska, ta cikinsu na ga komai.

“Ni na zana, ni na yanka, ni na ɗaura,” in ji Baba. “Mai magana ya yi da ni.”

Wani ya kwaɗa masa gora a kafaɗa, wani ya share ƙafafunsa. Suka rufe shi da duka, ƙafa da sanda da guntun rodi, hularsa ta faɗa cikin gawayi ta kama wuta. Ina ihu ina cewa ni ce, ni na zana, ku dubi abin da Alhajinku ya yanke. Ba wanda ya waiwayo. Na kama tsagogin da bakin yatsuna ina jijjiga ƙofar har fatar ta sale, yatsun ma ba su shiga ba, ni na auna su.

Sai Alhaji ya ce a kawo hannunsa. Mutum biyu suka ja Baba a ƙasa, suka shimfiɗa hannunsa na dama a kan uwar maƙerar ubansa. Alhaji ya ɗauki babbar gudumar. Baba bai roƙe shi ba, ya dai juya fuskarsa daga wajen ƙofata. Na ji ƙarar, ba irin ta ƙarfe a kan ƙarfe da na tashi da ita ba, wata ƙara ce marar amo. Ya ɗaga zai ƙara, masu faci da mahautan layinmu suka iso da gudu suka danne shi.

Wani ya zare sakatar. Ban nufi Baba ba, Allah ya sani, rodi na ɗauka. Na tarwatsa gilashin motar, na juya na sami Alhaji a goshi ana riƙe da shi, jini ya wanke masa fuska. Da ba a ƙwace rodin ba da na kashe shi, kuma a ranar ba zan yi nadama ba.

Yatsun Baba uku suka karye, biyu ba su sake lanƙwasuwa ba. Manya daga ɓangarorin biyu suka zauna, aka yi sulhu. Na so a je kotu, Baba ya ƙi, ya ce gidan da aka rasa hannu ɗungurungum ba a kai musu sammaci. Na daina yi masa magana na ɗan lokaci saboda haushi, ina ba shi tuwo a baki ina hararar bango.

Injin yana nan a gaban rumfa ba wanda ya zo ɗauka. Kullum in na fito sai in ga firam ɗin nan da sabon fentinsa, ramin yana tsakiya. A nan na gane mutanenmu za su yanke abin da ke tsare ransu, amma ba za su taɓa ado ba. Na koma kan kwamfuta. Na sauko da allon zayyanata na saukar Alƙur'ani daga bangon ɗakin Inna, na kwaikwayi tsarinsa, gida cikin gida, ba tare da rubutu ko ɗaya ba. Tsagogin suka zama su ne zayyanar, firam da murfi faranti guda, wanda duk ya yanki tsakiya ya ɓata adon gaba ɗaya. A gindin injin kuma na zana dogayen tsagogi biyu, a ja shi baya a ɗaure, bel ya daina zamewa. Da hannuna na ɗaura murfin, Baba yana zaune yana gaya mini inda zan ɗiga walda.

Wanda ya zo ɗaukar injin ba Alhaji ba ne, ƙanin ne. Ya rame, hannun rigarsa na dama a naɗe an soke shi da allura. Ya daɗe yana kallon murfin. Sannan ya durƙusa a gaban Baba ya ce yana kwance a asibiti aka yi abin, bai aiko kowa ba. Baba ya ce ya sani.

Da zai tashi, sabo ya sa ya miƙo dama, ya tuna, ya tsaya da ita a iska. Baba ya miƙa tasa, yatsun nan biyu a sandare, ya kama dungun ya riƙe, suka gaisa.

“Uwata,” ya ce, “kawo wa baƙo ruwa.”

Na kawo. Sai da na riƙe masa kofin, don hannun hagun bai saba ba tukuna.