Sunan da Na Nema a Cikin Gero

Har yau ba na iya cin tumu. Idan damina ta ja baya gero ya nuna, maƙwabta suka aiko mini da gasasshiyar zangarniya, sai in yi godiya, in miƙa wa yara, in shige ɗaki. Maigidana ya gaji da tambaya ya ƙyale ni. Ƙamshin ne ba na iya jurewa, don yana mayar da ni gidanmu na Ƙofar 'Yandaka, gaban murhun Iya, ina 'yar shekara bakwai.

Iya ita ta haifi Babanmu, Malam Sani direba. 'Yar tsohuwa ce ƙarama, ga faɗa ga ban dariya, kullum da goro a kumatu. Da an sauke tuwo an yi magariba, ba ta yarda a kashe wutar murhun da ke ƙarƙashin rumfa. Sai ta jawo kujerarta 'yar tsugunno, ta tura gyaɗa cikin toka mai zafi, mu kuma mu kewaye ta, ni da ƙanwata Nana da 'ya'yan maƙwabta. A shekarar ne soja suka miƙa mulki ga farar hula, rediyon Baba ba ta da aiki sai jawabin 'yan siyasa. Iya takan ɗaga murya ta ce, "Sani, kashe mana abin nan. Su ma tatsuniya suke yi, kuma tawa ta fi tasu daɗi." Baba ya yi dariya ya rage murya, ita kuma ta gyara zama ta ce, "To, ga ta nan tafe, ku matso." Mu haɗa baki mu ce, "Ta iso mu ji ta."

Ni ce 'yar fari a gidan, kuma nan ciwona yake. A wajenmu uwa tana kunyar ɗanta na fari. Ba ta faɗin sunansa, ba ta jan sa a jiki a gaban mutane, balle a gaban uwar miji. Ummanmu ta riƙe abin nan da ƙarfi, har mata suna yaba mata. Sunana Rakiya, amma a bakinta ni "ke" ce, ko "'yar nan", in na ɓata mata rai kuma in koma "waccan". Nana kuwa, 'yar shekara uku, sunanta ba ya sauka daga bakin Umma tun safe. Nana zo, Nana sauka, Nana buɗe baki. Wallahi har ƙirgawa nake yi, ina cika ina batsewa.

Baba mutum ne mai son fita da iyali. Da rani yakan kai mu lambu mu sha rake, Nana ta jiƙe rigarta sharkaf a bakin rijiya. Da Sallah mu zaga gidajen dangi. Amma fitar da muka fi ɗoki ita ce ta ƙarshen damina, ranar da yake aro a-kori-kurar abokinsa ya kwashe mu zuwa gonarmu da ke bayan gari, a gasa mana tumu. Duk inda muka je Nana tana bayan Umma, ni ina riƙe da bakin zanen Iya.

Ana gobe za mu je gonar, na tarar da Iya tana hura wuta, na zauna na turo baki.

"Uwar surutu, yau kuma mi ya kama bakin?"

Na ce, "Umma ba ta sona."

"Wa ya ce miki?"

"In tana sona ta faɗi sunana mana. Ko akuyar gidan nan tana da suna a bakinta."

Na zaci za ta yi mini tsiya kamar yadda ta saba. Ba ta yi ba. Ta daɗe tana juya toka da tsinke, har gyaɗar ta fara ƙonewa ba ta lura ba. Da yara suka taru, sai ta ba mu wata tatsuniya da ba mu taɓa ji ba. Babu Gizo a cikinta, babu kura.

Wai wata mata ce ta bi surukanta gona da ɗanta na fari, yaron bai daɗe da iya gudu ba. Gero ya yi tsawo ya wuce kan mutum. Ana zaune a inuwa ana gasa tumu, sai yaron ya ga fara ya bi ta. Uwar tana kallonsa ya nufi geron. Zuciyarta ta ce tashi, kunya ta ce zauna, ga uwar miji ga uban miji, a ce kin zabura kan ɗan fari? Ta ce a ranta ai wani zai gan shi. Ta ɗan ce, "Kai, kai," a hankali. Yaro kuwa bai san da shi ake ba, ya shige, gero ya rufe bayansa. Da aka farga aka bazama nema, babu shi babu alamarsa. A nan ne fa uwar ta yar da gyale ta shiga ƙwala kiran sunansa, har muryarta ta dushe. Amma ina, yaro ya riga ya zama tsuntsu. Iya ta ce shi ne ɗan tsuntsun nan da ke sauka kan zangarniya duk shekara, ba hatsi ya zo ci ba, kira yake jira. Ta rera mana waƙarsa da wata siririyar murya:

"Ina kan gero, ina jira,
Wa zai kira ni in sauko?"

Muka yi tsit muna jiran ta rufe da ƙurunƙus ɗinta ta kore mu, kamar kullum. Ba ta rufe ba. Ta juya wajen da Umma ke wanke-wanke, ta ce, "Hajara, ta yau ba ta yara kaɗai ba ce." Na ji ƙarar kwanuka ta tsaya. Can Umma ta ce, "Na ji, Iya." Ta ci gaba da wanke-wankenta.

Ni kuwa, kaicona, ba abin da na ɗauka daga tatsuniyar sai dabara. Na ce ashe haka ne, in yaro ya ɓace a gero uwarsa tana kiran sunansa.

Washegari da hantsi muka fita. Takardun 'yan takara na nan manne a bangon ƙofar gari, ruwan sama ya wanke musu fuska. Nana tana ta ihu duk sanda motar ta faɗa rami, Iya tana cewa Baba ya tuna ba buhunan masara ya ɗauko ba. A gona aka shimfiɗa tabarma ƙarƙashin bishiyar gawo. Baba ya karyo zangarniyoyi masu ɗanyen ƙwaya, ya haɗa wuta da kara, ya riƙa juya su har suka fara fashewa. Umma tana murzawa a tafin hannu, ta hure ƙaiƙayin, ta zuba wa Nana a baki. Ta miƙo mini nawa ba ta dube ni ba, ta ce, "Ke, ungo."

Wannan "ke" ɗin ce ta ƙarasa ni. Na karɓa, na yi kamar zan zagaya, na shige cikin geron. Na yi tafiya mai ɗan nisa, na sami wuri na tsuguna, ina cin tumuna ina murmushi.

Baba ne ya fara kira. "Rakiya! Rakiya!" Na yi shiru. Sai Iya, da muryar faɗanta, wai in fito ko ta ci mutuncina. Na yi shiru. Sai na ji muryar Umma: "Ke! Ke 'yar nan! Kina ina?" Na toshe bakina da hannu, na ce saura kaɗan. Ƙaiƙayi na cin wuyana, tururuwa na hawa ƙafata, ban motsa ba. Allah Ya sani ina jin su sarai, babu kiran da ya wuce ni.

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Abin da na sani, muryar Iya ta canja. Ta daina faɗa, ta koma wata irin ƙara da ban taɓa ji daga bakin babba ba. Kuma ba ni take kira ba.

"Lawal! Lawali! Wayyo, ku duba rijiyar! Lawal!"

Babu mai wannan suna a gidanmu. Tsoro ya kama ni, na miƙe zan fito, sai ga Umma ta keto gero, ba gyale ba takalmi, ganye ya yanke mata fuska. Ta fizgo ni, ta ɗauke ni da mari, sannan ta matse ni a ƙirjinta har na kasa numfashi. Da muka fito bakin gona, Baba na durƙushe, Iya na kwance a ƙasa, bakinta ya karkace gefe guda.

A asibiti aka ce jininta ne ya hau ya shanye mata ɓarin jiki. Bayan kwanaki aka dawo da ita gida, tana gani tana ji, amma magana ta tafi. Iyar da ba a raba ta da zance! Ba wanda ya ce laifina ne. Da ma sun faɗa, da ma Baba ya zane ni, da na fi samun sauƙi. Da magariba yaran maƙwabta sukan leƙo su ga murhu a kashe su juya. Nana ta riƙa jan hannun Iya tana cewa, "Iya, ta iso mu ji ta," Umma ta ɗauke ta ta fita da ita.

Wata rana Umma ta kawo mata kunu, ina raɓe a bakin ƙofa don na kasa shiga ɗakin sosai tun ranar gona. Iya ta kawar da kai daga ludayin. Aka yi, aka yi, ta ƙi. Sai ta kama wuyan hannun Umma da hannunta mai lafiya, ta nuna ni da ido, ta dubi Umma, ta sake nuna ni.

Umma ta ce, "Ke, shigo, Iya na son ganinki."

Iya ta girgiza kai, ta ƙara matse hannun. Hawaye na gangarowa ta gefen da ya shanye. Umma ta sunkuyar da kai. Na ga leɓenta yana motsi, kamar mai koyon magana. Sannan a hankali ta ce, "Rakiya. Zo ki riƙe wa Iya kwanon."

Abin da na yi shekaru ina nema ke nan. Na taka na karɓi kwanon, Iya ta buɗe baki ta sha kunun. Ni kuwa ban ji daɗin komai ba, kuka nake yi har kunun yana zuba a kan zanenta. Iya ba ta ga damina ta gaba ba.

Sai da na haifi tawa 'yar farin, na koma gida wanka, sannan na tambayi Umma wane ne Lawal. Tana gasa wa jaririyar cibi ta ce, "Ke ba ki taɓa tunanin me ya sa sunan Babanku Sani ba?" A wajenmu Lawal sunan ɗan fari ne, Sani na mai bi masa. Shekara da shekaru ina jin ana kiran Baba, ban taɓa tambayar ina na farkon yake ba. Umma ta ce a ƙauyensu Iya abin ya faru, tun kafin su dawo birni. Yaron bai zama tsuntsu ba. A wata tsohuwar rijiya da ciyawa ta rufe aka same shi washegari. Daga ranar Iya ba ta ƙara ambatar sunan ba, sai a gonarmu.

Na ce, "Umma, to ke me ya hana ki kira ni ranar, bayan kin ji tatsuniyar?"

Ta ce, "Na buɗe baki ya fi sau uku, ya ƙi fita. Abin da aka raine ka a kai ba ya sakinka rana ɗaya." Ta naɗe jaririyar ta miƙo mini. "Amma tun ranar da aka raɗa miki shi, sunanki nake fara faɗa in na ɗaga hannu ina addu'a. Can ba a jin kunya."

Na daɗe ina ɗauka Iya ta yi tatsuniyar ne don ta gyara Umma. Yanzu da na girma na gane ba wannan kaɗai ba ne. Tsohuwar nan ta ɗauki abin da ya fi ƙarfin bakinta ta sa masa fuka-fuki, don ta iya faɗa a gaban wuta ba tare da ta rushe ba. Ta yi haka ne saboda ni, da ta ga jikarta cikin damuwa. Ni kuma na ɗauki ciwonta na shiga da shi gero na yi wasan ɓuya. Yarinya ce ni, na sani, kowa ya gaya mini. Bai rage komai ba.

'Yata ta fari sunanta Halima, sunan Iya ke nan na gaskiya. Ina kiranta a tsakar gida, ina kiranta a gaban uwar mijina, har mata na cewa Rakiya ba ta da ta-ido. Su faɗa. Idan muka fita lambu ko gona hannunta yana cikin nawa. Ta taɓa cewa in ba ta tatsuniyar tsuntsun gero, don ta ji Nana ta ambata. Na fara, na kai wajen waƙar, na kasa.

Umma ta tsufa yanzu, kuma tana kirana da sunana, ko a waya ko a gaban kowa. Kafin ta rufe baki na amsa. Tun daga ranar gonar nan ban ƙara bari wani ya kira ni sau biyu ba.