Famfon Iska a Bayan Itatuwan Baba

Daren jiya na yi wani mafarki da har yanzu bai sake ni ba. Na rasa wanda zan gaya wa a gidanmu, don duk wanda zan gaya wa yana cikin maganar, shi ya sa na kawo shi nan. Amma sai na fara ba ku tushen zancen, in ba haka ba za ku ce tuwo na ci da yawa na kwanta.

Mahaifinmu ya rasu shekarun baya. Tun yana da ƙarfinsa ya dasa layin darbejiya a gabashin gonarmu, saboda iskar farkon damina da ke kwaso rairayi ta binne shuka. Da garwa ya yi ta ɗauko ruwa daga tsohuwar rijiyar gari yana ba su har suka kama. Bayan rasuwarsa muka haɗu muka haƙa rijiya don ladan ya riƙa isa gare shi. Ina wajen aiki aka zaɓi wurin. Inna, mahaifiyarmu, ita ta ce a haƙa daf da itatuwan, inda yake shimfiɗa buzunsa da rana, kuma aka dace da ruwa mai daɗi. Sai dai rijiyar ta yi zurfi, mata suka gaji da jan guga, aka ce a ɗora mata famfon iska, irin mai farfela a saman dogon ƙarfe. Na ce wurin bai dace da shi ba, aka ce mini ai iska iska ce.

To, iska ba duk ɗaya ba ce. Ni malami ne a wata kwalejin koyon sana'a, kuma abin da nake koyarwa ke nan. Iskar da ta taho ta fili a miƙe take tafiya, ita famfo yake so. Wadda ta ci karo da itatuwa kuwa kakkaryewa take yi, ta riƙa murɗawa tana dawowa baya, ta bugi farfela ta dama ta buge ta ta hagu. A cikin wannan hargitsin famfonmu yake zaune. Yau boris ɗin da farfela ke juyawa a kai ya mutu, gobe farfela ta tsage, duk ƙarshen mako ina kan hanyar gida da kayan walda. Mun ƙara wa ƙarfen tsawo, itatuwan suka biyo shi. Yanzu babban wanmu, Yaya Lawal, ya yi magana da masu injin yankan itace, ranar Asabar za su zo. Ya ce ni na san iska, abin da na ce shi za a yi. Inna ba ta ce komai ba, kuma wanda ya san Inna ya san wannan shirun ba yarda ba ne.

A mafarkin, na gan ni a ɗakin gwaje-gwajenmu na makaranta. Muna da wani dogon akwatin gilashi a can mai fanka a gefe ɗaya, muna sakin hayaƙi a ciki don ɗalibai su ga yadda iska take tafiya. Ina tsaye ina bayani, amma babu kowa a kujerun, sai bokitai a jere a kansu. Ban ji mamaki ba, na ci gaba da koya wa bokitai darasi, har ina tambayarsu ko sun gane. Hayaƙin yana tafiya a miƙe, siri-siri, kamar zaren da masaƙi ya ja.

Sai kawai na gan ni a cikin akwatin, akwatin kuma ya zama gonarmu. Sama duk gilashi ce. Zaren hayaƙin nan yana tahowa daga gabas, ya ratsa gonakin mutane lafiya lau, yana isowa itatuwan Baba sai ya tarwatse. Babban murɗi ya haifi ƙanana, ƙananan su haifi waɗanda ba su kai su ba, har ido ya daina gani. Na sha zana wannan a allo, amma ban taɓa tsayawa a tsakiyarsa ba. Rigata tana tashi ta gaba tana tashi ta baya. Hulata ta faɗi ta yi ta kewaya ni a ƙasa, na bi ta na bi ta, na gaji na ƙyale ta.

Inna tana gindin famfon tana shiƙar gero. Ta ɗaga ƙwarya ta zubo, ƙaiƙayin ya tashi ya yi kewaye ya dawo cikin hatsin. Ta sake kwasa ta sake zubowa, ya sake dawowa. Fuskarta babu fushi, irin ta wanda ya saba ce. Na ce mata ta matsa fili inda iska take a miƙe, ko kallona ba ta yi ba. A bayanta matan gari ne a layi, riƙe da bokitan nan na aji. Famfon a sama yana ta juya kai dama da hagu kamar mai cewa a'a, bututun kuwa ko ɗigo babu.

Sai kawai ga ni ina hawan ƙarfen da sifana a baki. Ina hawa itatuwan suna hawa, in na tsaya in huta su ma su tsaya su jira ni. Ƙafafuna suka yi nauyi. Irin gajiyar nan da nake ji in na sauko daga mota ranar Lahadi da yamma, ita ce ta biyo ni har cikin barci. Wata murya kamar ta lasifikar tasha tana ta maimaita cewa kowa ya zauna a kujerarsa, za a shiga wuri mai gargada. Na duba ko'ina ban ga kujera ba, na ci gaba da hawa.

Da na kai sama na leƙo ƙasa, sai na ga abu biyu lokaci ɗaya. A gonakin maƙwabta rairayi yana ta gudu, shuka tana kwance. A tamu gonar kuwa geron yana tsaye, ko ganyensa ba ya motsi. Hargitsin da yake kashe mini famfo shi ne yake cinye ƙarfin iskar kafin ta kai ga shukar. Na san wannan a farke, har jarrabawa nake ba ɗalibai a kansa, amma sai a can saman na gan shi da idona. Na nemi sifanar a bakina na tarar babu ita.

Sai kawai na gan ni a ƙasa, ga Baba yana tahowa daga wajen gari da garwarsa a kafaɗa, cikin tsohuwar rigarsa ta gona mai faci a baya. Bai tsufa ba, kamar ma na girme shi. Na durƙusa na gaishe shi, ya wuce ni. Ya tsaya kusa da Inna ya ɗebi rairayi a hannu ya sake shi a hankali, yadda yake yi in zai duba inda iska ta dosa. Rairayin ya rasa inda zai bi, ya watse ta ko'ina.

Na ce, "Baba, a sare?"

Ya ci gaba da kallon rairayin. Na sake tambaya, wannan karon muryata ba ta fito ba.

Sai kawai babu itatuwan. Ban ji ƙarar inji ba, ban ga faɗuwarsu ba, sai kututtura a jere, farare tas, warin ɗanyen itace ya cika wurin. Iska ta taho a miƙe. Famfon ya daina girgiza kai, ya fuskanci gabas ya kama juyawa sumul, da wani sauti mai daɗi da na daɗe ina nema a farke ban samu ba. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi. Ruwa ya ɓarke daga bututun, mata suka yi ta cika bokitai. Wata ta buɗe baki tana guɗa, amma ba a jin sautinta. Na zauna daɓas a ƙasa na ce yau dai na huta da walda.

Amma iskar ba ita kaɗai ta zo ba. Rairayi ya biyo ta ƙasa-ƙasa, ya rufe mini ƙafafu, ya shiga kunyoyi yana cika su, shukar tana ta nutsewa ina kallo. Inna ta ɗaga ƙwarya ta zubo, sai iska ta tafi da ƙaiƙayin da hatsin gaba ɗaya. Ta kife ƙwaryar ta je ta zauna a kan buzun Baba, a tsakiyar rana, babu inuwa ko ta tafin hannu. Sai a lokacin ta dube ni.

Baba kuwa ya je ya bi layi a bayan matan. Suka ba shi hanya ya ƙi, ya jira har aka zo kansa. Ya tara garwarsa ta cika, ya saɓa ta ya nufi kututturan. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana zuba musu ruwa, yana tsugunawa yana gyara musu gindi da hannu, yadda yake yi suna 'yan dashe. Bai kai ƙarshen layin ba ruwan ya ƙare. Ya juyo ya dube ni sosai, ya kira ni da sunan da shi kaɗai yake kirana da shi, ya miƙo mini garwar.

Ya ce, "Ungo, ni na gaji."

Na miƙa hannu. Babu nisa tsakanina da shi, amma rairayin ya riƙe mini ƙafafu. Kafin yatsuna su taɓa garwar wayata ta yi ƙara, na farka. Yaya Lawal ne, ya fito daga sallar asuba, wai masu inji suna so a tabbatar musu. Na ce zan kira shi. Har yanzu ban kira ba.

Na gaya wa matata rabin mafarkin, ta ce gajiya ce da yawan tunani, in nemi hutu a wajen aiki in yi barci. Wataƙila ta fi ni gaskiya, don gajiya kam na gaji, na gaji da hanyar, na gaji da hawan ƙarfen nan, na gaji da ganin mata suna komawa gida da bokiti wayam. Na kuma ji ana cewa in mamaci ya ba ka abu a mafarki alheri ne. To garwar babu komai a cikinta, kuma ban kai ga karɓa ba. Darbejiya tana sake tohowa daga kututture in ta samu ruwa, sai in ce ko haka yake nuna mini, a sare za su dawo. Can kuma sai in tuna yadda ya tsuguna a gindinsu, in ga kamar na mayar da shi farkon aikin da ya ƙare ƙarfinsa a kai. Rijiyar don shi muka haƙa, itatuwan kuma da hannunsa ya dasa.

Don Allah wanda Allah ya ba sanin fassara ya taimake ni kafin Asabar. Mutumin da ya bi layi ya ɗebi ruwan famfon nan, sannan ya je ya zuba wa kututture, izini ya zo ya ba ni, ko ƙorafi ya kawo mini?