Tudun da Ya Ƙaru wa Baba

Babana, Allah ya jiƙansa, ya yi ci-rani a Kano yana ɗaukar wa masu wasan golf sanduna. Yakan ce ramin kan tudu yana ruɗin ido: ka gan shi kusa, ka buga, ƙwallon ta gangaro baya. Shi ya sa yake miƙa musu sanda mai kai nesa.

Da ya tsufa, burinsa kada jam'in La'asar ya wuce shi. Daga garkarsa ta bakin tabki hawa ne zuwa masallaci, don haka tun kafin kiran salla yake tasowa.

Ran nan na iske shi zaune tsakiyar hawan yana haki, an riga an sallame.

"Baba, lafiya?"

"Tudun ne ya ƙaru, ɗiyata."

Na shimfiɗa masa mayafina, ya yi sallarsa a nan.